Akwati Ake Kallo, Eriya Ake Ji

Duk wanda ya bi hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, ko ya taɓa zama a Diffa ko Agadas, ya saba ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji, yawanci Land Cruiser, da wani baƙin abu mai kauri kafe a kan bambar gaba, doguwar sanda tana lilo a samansa. Eriya ce ta rediyon gajeren zango, kuma da yawa daga cikinsu ƙirar kamfanin Codan ne na ƙasar Ostireliya. Da ita direba zai kasance a tsakiyar sahara, inda babu ko ɗigon sabis na waya, ya yi magana da ofishinsa da ke nesa da ɗaruruwan kilomita. Shi kuwa akwatin rediyon ba a ma ganinsa, yana can ƙarƙashin kujera. Masu haɗa waɗannan motoci sun san rayukan mutane ne suka rataya a kan aikinsu, shi ya sa suka zuba hankalinsu da kuɗinsu a kan sandar nan da ke waje tana shan rana da ƙura.

Akwai wata jama'a a duniya da ke irin wannan aiki ba don albashi ba. Su ne masu rediyon sha'awa: mutum ya yi karatu, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya sayi kayansa ya riƙa magana da 'yan'uwansa na kusa da na nesa. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a birnin Paris tun 1925. Lambar kiran kowa tana nuna ƙasarsa: ta ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Marigayi Sarki Hussein na Jordan yana cikinsu, lambarsa JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya. A ƙasashenmu ba su da yawa, amma akwai su, kuma a Amurka da Japan da Turai ana lissafinsu da dubban ɗaruruwa. Doka ta hana su yin kasuwanci da rediyon, ta hana su ɓoye maganarsu. Duk abin da mutum ya faɗa, kowa na iya ji.

To, a cikinsu akwai masu ɗora rediyon a mota, kuma a nan ne nake ganin wani abin lura da ya wuce batun rediyo.

Sabon shiga idan ya zo neman shawara, tambayarsa kusan kullum ɗaya ce: wane akwati zan saya, Yaesu ko Icom ko Kenwood, kuma wat nawa? Ya riga ya kalli hotuna, ya ga fuskar rediyon tana haske, lambobi na gudu, maɓallai sun yi layi. Tsohon hannu kuwa ba ya amsa wannan tambaya da wuri. Zai ce masa, "Ɗan'uwa, da wa kake son magana, kuma a ina za ka kafa eriyar?" Sau da yawa sabon ba shi da amsa, don bai taɓa tunanin abin ba. A ransa eriya 'yar sanda ce da ake haɗa wa mutum da ita a matsayin gyara.

Tambayarsa ta farko, da wa kake son magana, ita ke raba hanya. Idan magana ce ta cikin gari da kewaye, ko tsakanin motoci da ke tafiya a jere, zangon mita 2 ake bi, wanda a Afirka da Turai yake tsakanin megahaz 144 da 146, ko na santimita 70 da ke tsakanin 430 da 440. Wannan irin saƙo a miƙe yake tafiya, kusan iyakar inda ido zai kai, sai ɗan ƙari. Mota da mota a fili za su ji juna zuwa kilomita goma ko ashirin, ya danganta da tudu da kwari. In akwai tashar maimaitawa a kan dutse ko dogon ƙarfe, wadda ke karɓar magana ta sake watsa ta, nisan yakan ninka sau da yawa. Amma a wurinmu irin waɗannan tashoshi ba ko'ina suke ba, kuma wanda ya sayi rediyon mita 2 bai bincika ko akwai mai amsa masa ba, zai yi ta kira shiru. Idan kuwa nesa ake nufi, daga Kano zuwa Yamai ko zuwa Turai, sai gajeren zango. Wannan Bahaushe ya san shi tun ba yau ba, tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957 iyayenmu ke murɗa akwati suna neman mita 16 da 19 da 25 da 31. Masu rediyon sha'awa suna da nasu gurabe a tsakankanin waɗannan, kamar mita 20 da 40 da 80. Saƙon yana tashi sama, ya daki wani shimfiɗi na iska mai caji a can ƙololuwa, ya dawo ƙasa a wata nahiya.

Yanzu ga inda lissafi ke shigowa, kuma ba mai wuya ba ne. Eriya irin ta sanda tana son tsawonta ya zama rubu'in tsawon zangon da take aiki a kai. A mita 2, rubu'in bai wuce santimita 50 ba, kamu ɗaya da ɗan wani abu. Wannan kowace mota za ta ɗauka. A mita 40 kuwa ana bukatar sanda mai tsawon mita 10, a mita 80 mai mita 20. Babu motar da za ta bi titi da wannan. Abin da mota ke iya ɗauka bai fi mita biyu da rabi ba, shi ya sa ake naɗa waya a yi kwayil a jikin sandar don a cike gurbin tsawon da babu. Dabara ce mai kyau, amma tana da kuɗin fito. A zangon mita 80, ƙaramar eriyar mota sau da yawa ba ta fitar da ko kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da aka ba ta. Mutum ya sayi akwati mai wat 100, wat kaɗan ne ke tashi sama, sauran suna zama zafi a cikin kwayil da jikin mota da ƙasa.

Sai sabon shiga ya ce to bari a ƙara wat. A nan ma lissafin bai goyi bayansa ba. A fuskar rediyon mai saurare akwai ma'aunin ƙarfin saƙo, daga 1 zuwa 9. Kafin allurar ta matsa da lamba ɗaya tak, sai mai magana ya ninka ƙarfinsa sau huɗu. Daga wat 25 zuwa 100, lamba ɗaya. Don samun wata lambar, sai 400, kuma batirin mota ba zai ɗauki wannan cikin daɗin rai ba. Amma gyaran eriya, ko sauya mata wurin zama, yana iya ba da wannan lamba ɗayar ba tare da an ƙara ko wat guda ba. Sannan akwai abin da ƙarin wat ba ya taɓa yi: ba ya gyara ji. Eriya mai kyau tana taimakon fita, tana taimakon shigowa. Ƙarfi kuwa baki kawai yake ƙara wa, kunne yana nan yadda yake. Masu wannan harka suna yawan cewa wanda ba ka ji ba, ba ka iya magana da shi, kuma babu abin da ke ɓata musu rai kamar mai ƙarfin akwati da ke ta kira a kan maganar wasu, alhali ana amsa masa shi ne ba ya ji.

Mafarin wannan fasaha ma haka ya nuna. A ranar 12 ga Disamba 1901, lokacin da Marconi ya ce ya kama saƙon farko da ya ƙetare tekun Atlantika daga Poldhu ta Ingila zuwa Newfoundland, na'urar da ke gabansa ba ta da abin ƙara sauti ko kaɗan. Abin da ya yi shi ne ya ɗaura doguwar waya a jikin filfilon da iska ke ɗagawa, ya sake ta sama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a eriyar mota shi ne, sandar da ake gani rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne bodin motar kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sandar tana bukatar faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta wanda za ta yi aiki da shi, kuma tana bukatar haɗuwa da shi ta gaskiya, ƙarfe da ƙarfe. Saboda haka wuri mafi kyau shi ne tsakiyar rufin mota: ya fi ko'ina tsayi, ƙarfe ya kewaye shi ta kowane gefe, kuma rufin ya shiga tsakanin eriyar da kawunan mutanen da ke ciki. Hanyar da ta fi inganci ita ce a huda rufin, rami mai faɗin milimita 19, a kafa mazaunin da ake kira NMO, wanda kamfanin Motorola ya fito da shi, a kankare fenti ta ciki yadda haƙoransa za su ciji ƙarfe. Yawancin mutane a nan suke ja da baya. Wa zai huda rufin motarsa? Ana tunanin ranar sayarwa, ana tunanin ɗigar ruwa da damina. Ina fahimtar wannan tsoro, mota ba ƙaramar dukiya ba ce. Sai a koma ga mazauni mai maganaɗisu, wanda ake ɗorawa a cire. A mita 2 yana aiki ba laifi, sai dai yashi na shiga ƙarƙashinsa ya goge fentin da ake gudun ɓatawa, wayarsa kuma tana bi ta ƙofa, ƙofar na matse ta kullum har ta lalace. A gajeren zango kuwa maganaɗisu ɗaya ba ya isa, ta fuskar riƙo da ta fuskar aiki. Wasu na maƙala ta a leɓen but ko gefen bonet, wanda ya fi sauƙi, amma saƙon zai fi ƙarfi ta wani gefe ya raunana ta wani. Mafi muni shi ne a kafa gajeriyar sanda a ƙasa, a jikin bambar baya, rabinta ya ɓuya a bayan bodi.

Ko bodin ma ba dunƙule ɗaya ba ne kamar yadda ido ke gani. Bonet da ƙofofi da but a kan hinji suke, da fenti da giris a tsakani. Salansa a kan roba take rataye. A motoci irin Hilux, bodi daban, shasi daban, da robobi a tsakaninsu. Mai son gajeren zango ya yi aiki sai ya kwanta a ƙarƙashin mota da faffaɗan saƙaƙƙun wayoyin tagulla, ya haɗe waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya, yana kankare tsatsa. Aiki ne na wuni guda, na datti, kuma idan an gama babu wanda zai leƙa ya yaba. Amma shi ke rage hayaniyar da fulogi da altaneta da famfon mai ke zubawa cikin rediyo, shi ke sa a ji muryar da da ta nutse cikin shuuu. Wani lokaci ma mai laifin ɗan cajar waya ne mai araha da aka soka a gaban mota, ko ƙwan fitila na zamani.

Idan na kalli wannan, sai in tuna mai lambun da ya sayi babban injin ban ruwa, ya ajiye shi inda masu wucewa za su gani, amma tiyon da ya ja zuwa gona siriri ne kuma duk huji. Injin na ta ruri, mai na ƙonewa, albasa na bushewa. Halin nan ya yi mana yawa. Muna gina makaranta mu ƙawata ƙofar shiga, mu manta da malamin da zai tsaya gaban allo. Ana kawo na'ura mai tsada asibiti a yanke kyalle, ba a tanadi wutar da za ta riƙe ta ba, ba a koya wa kowa gyaranta ba. Ana haƙa rijiyar burtsatse a kafa allo mai sunan wanda ya bayar, bayan shekara ɗan ƙaramin ƙarfe ya lalace, babu wanda aka ɗora wa alhakin sauya shi. A gidajenmu ma, nawa ake kashewa a kayan ɗaki da taron biki, nawa ake kashewa wajen zaunar da yaran nan biyu a koya musu yadda ake sauraron juna? Abin da ake gani yana da mai tsaya masa, domin yabo na biye da shi. Mahaɗar da ke ɓoye, inda abu ke taɓa abu, ita ce marainiya, alhali ta nan ne amfani ke wucewa ko ya maƙale. Ban ce akwati ba shi da muhimmanci ba. Rediyo mara kyau yana da nasa ciwon kai. Amma tsakanin akwatuna biyu na kamfanonin kirki bambancin ɗan kaɗan ne, tsakanin eriyar da aka kafa da kyau da wadda aka maƙala da ka kuwa, bambancin shi ne a ji ka ko kada a ji ka.

Tsawon eriya ma ba a zaɓensa don burgewa. A mita 2 akwai mai santimita 50, akwai mai kusan mita ɗaya da santimita 30. Doguwar tana matse saƙon ta tura shi ƙasa-ƙasa zuwa gaba, don haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Hadejia zuwa Nguru ita ce gaba. A cikin duwatsun Jos ko hawan Mambila, ko tsakanin dogayen gine-gine, gajeriyar da ke watsa saƙo har sama-sama takan fi ta amfani. Kuma doguwar sanda a kan rufi tana da abokan gaba: reshen darbejiya, rumfar gidan mai, ƙofar gareji, da wayoyin lantarki da ke lanƙwasowa a unguwanninmu, waɗanda haɗarinsu na rai ne. A gajeren zango akwai wata eriya mai ɗan inji a ciki da ke sauya tsawon kwayil daga inda direba yake zaune. Wani Ba'amurke mai suna Don Johnson, mai lamba W6AAQ, shi ya shahara da ita, kuma injin sukudireba mai batir ya fara amfani da shi. Tana da tsada da nauyi, tana son mazauni mai ƙarfi, musamman a hanyoyinmu masu gargada.

Batun wuta gajere ne amma ba a wasa da shi. Akwati mai wat 50 yana jan amfiya 10 ko fiye idan ana magana, mai wat 100 yana jan kusan 20. Ramin kunna taba na mota ba a yi shi don wannan ba. A ja waya mai kauri daga batir, a sa fis dab da batirin, a sa roba a inda wayar ta ratsa ƙarfe. Wanda bai iya ba ya nemi mai wayarin na kirki ya tsaya a kansa. Akwatin a sa shi inda iska ke ratsawa, don a watan Afrilu motar da aka rufe a rana a Sakkwato tanda ce. Yawancin na yanzu ana cire fuskarsu a kafa a gaba, jikin ya zauna ƙarƙashin kujera. Kada a kafa komai a gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. Kuma lasisi ya kasance a cikin mota kullum. A ƙasar da aka taɓa rufe layukan waya saboda tsaro, a Borno da Yobe a 2013, a Zamfara a 2021, jami'in da ya ga doguwar eriya da oba-oba a shingen bincike yana da dalilin tambaya, kuma takarda ce za ta amsa masa.

Akwai wani ɗan agogo da kowane mai wannan harka ke da shi, an rubuta SWR a jikinsa. Yana auna yawan ƙarfin da ya je eriya ya dawo saboda ba su daidaita da akwatin ba. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, babu damuwa. In ya nuna 2, kashi 11. In ya kai 3, rubu'i ke nan, kuma akwatin zai rage ƙarfinsa da kansa don kada ya ƙone. Sabon shiga yakan ƙwallafa rai a kan wannan agogo, ya yi ta yanke sanda yana ƙarawa har allura ta kwanta, ya ce aiki ya yi. Amma akwai wata 'yar gwangwani da ake gwajin rediyo da ita a maimakon eriya. Idan aka jona ta, agogon zai nuna 1 cif, sakamakon da ya fi kowane kyau, alhali ita aikinta kawai ta shanye ƙarfin ta mai da shi zafi, babu mai jin ka ko a bayan katanga. Haka ma tsohuwar wayar eriya da ruwa ya shiga, tana iya sa allura ta kwanta lafiya, saboda tana cinye ƙarfin a hanyar zuwa da ta dawowa. Agogon bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Ya ce akwatinka yana cikin kwanciyar hankali. Bai ce saƙonka ya isa ba.

Wannan ba a saninsa daga kujerar direba. Dole sai wani da ke can nesa ya faɗa maka. Shi ya sa a kowace gaisuwa ta rediyo ake musayar lambobi biyu: na farko daga 1 zuwa 5, yadda maganar ke fita, na biyu daga 1 zuwa 9, ƙarfin saƙon. Biyar da tara shi ne ƙarshen kyau. Matsalar ita ce mutane da yawa suna ba kowa biyar da tara, don sauri ko don kara, ko da sai da suka ce a maimaita suna sau uku. Mu da muka tashi cikin kunya da kawaici mun fi kowa sanin wannan hali, kuma yana da kyawunsa a wurinsa. Amma ga wanda ya gama kafa eriya jiya, wannan kara cuta ce. Abin da yake bukata shi ne abokin da zai zauna a gida gaban nasa akwatin, shi kuma ya tuƙa zuwa bayan gari, ya tsaya a wurare sanannu, gindin gada, kan tudu, cikin kwari, yana kira. Abokin ya rubuta abin da allura ta nuna tsakani da Allah, in uku da uku ne ya ce uku da uku. Sai a dawo, a matsar da sandar daga but zuwa rufi, ko a kwance mazaunin a kankare fentin da aka ji ƙyashin kankarewa, a koma waɗancan wuraren a sake kira, a gwada lambobin yau da na jiya. Bayan damina kuma a sake, domin ruwa da tsatsa ba sa barin mahaɗa yadda aka bar ta.